Ruwan Laraba

Jiya a kasuwar Laranto da ke Jos na sunkuya zan zaɓi karas, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka ya buge ni daga gindin ganyen. Baƙar lakar lambu ce, irin wadda aka yi wa ban ruwa da sassafe aka tuge kayan tun ba ta bushe ba. Na tsaya riƙe da karas ɗin har mai kayan ya tambaye ni ko jikina ne ba daɗi. Na ce masa lafiya ƙalau, na karɓi kayana na wuce. Ta ina zan fara gaya masa cewa kakana ne ya faɗo mini a rai?

A hannunsa na tashi. Mahaifiyata ta rasu ina koyon tafiya, mahaifina kuma ƙaramin ma'aikaci ne a Bukuru mai ɗaki ɗaya, don haka aka kai ni ƙauye wurin iyayensa. Ba a daɗe ba kakata mace ita ma ta bi. Sai gida ya rage daga ni sai tsoho, a bayan shingen ƙerana, tsiron nan mai ƙaya, ga ɗakuna da yawa waɗanda ba mai kwana a cikinsu sai kaji. Uwargida yake kirana. Yakan ce duk ƙauyen ba wanda ya kai shi rashin sa'ar mata, tunda ya ƙare da wadda ko tuwon acca ba ta iya tuƙawa ba. Ni kuma in ce ya gode wa Allah, wace ce za ta zauna da tsohon da haƙoransa suka gudu suka bar shi in ba ni ba. Da wannan tsokana muke cika gidan, domin in muka yi shiru, shirun nauyi gare shi.

Ƙauyenmu yana arewa maso gabas da Jos, inda duwatsu suke fara gangarawa zuwa ƙasar Bauchi. In ka hau dutsen bayan gidanmu kana hango rufin kwanon mutanen wata jiha. Mu mutanen gangare muke ce musu, su kuma su ce mana mutanen tudu, kuma ruwa ɗaya muke sha da su. Tun zamanin haƙar kuza Turawa suka tare rafinmu da wani ƙaramin dam, suka ja magudana daga bakinsa. Da suka tattara suka tafi sai suka bar mana abin. Magudanar ta bi ta gefen lambunanmu, ta tsallake iyaka, ta shiga lambunan mutanen gangare. Da damina ba mai waiwayarta, yara ma wanka suke yi a ciki. Amma da zarar ruwan sama ya ɗauke, ran kowa a kanta yake, namu da nasu.

Tsohuwar hanyar rafin, wadda yake bi kafin a tare shi, tana nan ƙasa da dam ɗin. Ta ratsa tsakanin duwatsu ta ƙare a wata fadama mai tafki a tsakiya. Ba mai noma wurin, domin dutse ya yi yawa, don haka ba wanda ya taɓa cewa nasa ne, a tudu ko a gangare. Can nake wuni in Kaka yana lambu, tunda ba ni da 'yan'uwan wasa a gida. Nakan kwanta rub da ciki a kan wani faffaɗan dutse mai ɗumi in yi ta kallo. Zalɓe yakan tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Kififiya ta fito shan rana, in na motsa ta silale. Da yamma birai su sauko daga dutse da 'ya'yansu manne a ciki, su sha suna harare-harare. Akwai gauraki masu tukku kamar an yi musu kitson biki, da kukansu mai tafiya nesa. Sau ɗaya ko biyu na ga karen ruwa ya ɗago kai yana taunar tarwaɗa, na ruga gida da gudu na gaya wa Kaka, ya ce ai makwabcinsa ne tun ba a haifi ubana ba.

Kaka ne mai kula da ƙofar dam ɗin. Ƙofar ba wata aba ba ce, allunan katako ne ake jerawa ɗaya kan ɗaya a tare ruwa ya bi magudana. Kowace shekara, in an gama yankan acca, dattijon mutanen gangare yakan hauro da jama'arsa a raba kwanakin ban ruwa. Wani dogon malami ne mai farin gemu, da sandarsa da butarsa. Tun ana saura kwanaki Kaka zai ware zakara, ya ce kada in sake in taɓa shi, malam ne zai yanka da hannunsa don kowa ya ci hankali kwance. A gida da yarenmu muke magana, amma maganar ruwa da Hausa ake yin ta. Su zauna a gindin mangwaro su yi ta sa-in-sa, malam ya ce mutanen tudu ba su da tausayi, Kaka ya ce mutanen gangare ba su da godiya. Malam ya miƙe ya kaɗe riga wai ya tafi ke nan, a riƙo shi, ya dawo ya zauna. Farkon ganina na ɗauka faɗa ne na gaske har na ɓuya bayan rumbu. Daga baya na gane ko an daidaita tun da safe sai sun kai azahar, domin su biyun suna jin daɗin abin.

In an ci gwate, wato faten acca da ganye, an wanke hannu, sai a ɗunguma zuwa dam. Nan ne ake yin abin da ya sa nake ba ka wannan labari. Kafin a sa allon farko, na can ƙasa, malam zai sunkuya ya zaɓo dutse mai girman dunƙulen hannu ya miƙa wa Kaka. Kaka ya shiga ruwa ya ajiye dutsen a gindin ƙofar, sannan a ɗora allo a kansa. Saboda dutsen nan allon ba ya zama daram, sai ruwa ya riƙa silalewa ta ƙarƙashi, ya bi tsohuwar hanya zuwa fadama, dare da rana, har damina ta dawo. Ba a lissafa wannan ruwa a rabon kowa. Na masu daji ne, haka ake ce masa.

Na taɓa tambayar Kaka dalili. Ya ce ubansa yana cikin leburorin da suka ɗauki ƙasa a ka aka gina dam ɗin. Shekarar da aka rufe shi tafkin ya ƙafe, kifi ya ruɓe har wari ya hana mutane cin abinci a tsakar gida, birai suka shigo gari suna fasa rumbu. Da Turawa suka tafi sai dattawan tudu da na gangare suka yi alkawarin dutsen nan. Ya ce da ni, "Mu muka tare musu hanya, uwargida. Ba sa zuwa taro, amma suna sha."

Ina aji uku ko huɗu a firamare abubuwa suka canza. Injin ban ruwa ya shigo. Motoci suka fara zuwa daga kudu suna kwasar kabeji da letas da dankalin Turawa, kowa ya faɗaɗa lambunsa, wanda ba shi da lambu ya sara. Haka ma a gangare. A shekarar kuma ruwan sama ya ɗauke da wuri, dam bai cika ba. Kafin Kirsimeti magudanar ta koma kamar zare. Mutanen gangare suka ce muna sace musu kwanaki, mu muka ce su ne suke haurowa suna karya bakin magudana. Gaskiya duka biyun ana yi. Wata rana samari suka haɗu a iyaka da fartanyu, aka fasa kawuna, har da na jikan malam. Tunda jini ya zuba kuma jiha biyu ce, magana ta fita daga hannun tsofaffi.

Ma'aikatan gwamnati suka zo daga ɓangarorin biyu, da injiniyoyinsu. Ba zan yi musu sharri ba, mutanen kirki ne, sun sha rana sun auna komai, kuma rabon da suka yi ya kashe wutar. Kowane mai lambu, a tudu da gangare, aka yanka masa lokacinsa na ban ruwa a mako. Sai dai wajen aunawa sun ga ruwan da yake silalewa ta ƙarƙashin allo, suka ce asara ce, za a toshe da siminti. A taron da aka yi a filin makaranta Kaka ya miƙe ya ba da labarin dutsen tun daga farko. Na zauna a kan katangar aji ina jin kunya, domin ya daɗe yana magana kuma mutane sun fara hira a tsakaninsu. Da ya gama, wani matashin injiniya ya amsa masa cikin ladabi.

"Baba, na ji maganarka, kuma ban ce ba gaskiya ba ce. Amma aikin da aka turo mu shi ne mu raba ruwa tsakanin jiha biyu. Tsuntsu ba ɗan jihar kowa ba ne. Wanda yake so ya ba su, sai dai ya ba su daga nasa rabon."

Kaka ya juya ya dubi malam. Malam yana zaune, 'ya'yansa tsaye a bayansa, ga jikan nan da ƙyalle a ɗaure a ka. Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. Kaka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo.

"To, oga, nawa ranar Laraba ne. A bar musu."

Aka yi dariya, an ɗauka irin barkwancinsa ne. Ni ban yi ba, domin na san muryarsa ta wasa, kuma ba ita ba ce.

Aka toshe gindin ƙofar. Rabon Kaka shi ne safiyar Laraba zuwa rana tsaka. Ya haƙa 'yar hanya daga bakin lambunsa ta gangara zuwa tsohuwar hanyar rafin, kuma duk Laraba, maimakon ya juya ruwa cikin kabejinsa, sai ya sake shi ya tafi fadama. Wahalar ita ce dole ya tsaya a kansa. In ya juya baya ko na ɗan lokaci ne, wani zai sa fartanya ya karkatar da ruwan zuwa nasa lambun, kuma ba zai ji ya yi sata ba, tunda a ganinsa zubarwa ake yi. Saboda haka tun sanyin safiya, irin sanyin ƙasarmu mai sa yatsu su ƙage, Kaka yana tsaye cikin ruwa da tsohon kwat ɗinsa, har rana ta take.

Akwai makwabciyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, lambunta yana jikin namu. Wata Laraba ta zo ta durƙusa a bakin magudana, ina tsaye ina ji.

"Baba, tumatir ɗina yana mutuwa ina kallo, kai kana zuba wa kwaɗi ruwa. Ka ba ni na yau kawai."

Kaka ya ce ta shiga rumbunsa ta ɗebi acca iya abin da za ta iya ɗauka, ta kama akuya ɗaya ma in tana so, amma ruwan ya riga ya bayar, ba nasa ba ne kuma. Ya ce in ya ba ta yau, mako mai zuwa wani zai durƙusa, kuma shi ma da gaskiyarsa. Ta tashi ta koma lambunta, kuma ba ta taɓa accar ba. Rabin tumatir ɗinta ya ƙone a ranin nan. Na tsani Kaka a ranar, na ƙi cin tuwon da ya tuƙa. Har yau da furfura a kaina ban iya cewa ya yi daidai da matar nan ba. Abin da na sani shi ne da ya ba ta, da ba a sake ganin ruwa a fadama ba.

Daga nan gari ya juya mana baya. Ba wanda ya zage shi a fuska, tsoho ne, amma a majami'a bencin da yake zama sai ya yi ta faɗi, mutane suna matsawa can gefe. Masu zuwa hira da yamma suka ɗauke ƙafa. A makaranta jikar mai kwaɗi ake kirana. Fasto ya zo har gida ya yi masa nasiha cewa mutum ya fi tsuntsu daraja, Kaka ya ce ya yarda, ya raka shi bakin shinge, Laraba kuma ya ɗauki fartanyarsa. Malam ya hauro sau ɗaya, shi kaɗai, ba jama'a. Ya zauna a kan dutse kusa da inda Kaka yake tsaye, ya ajiye masa ƙullin albasa. Sai na ji malam ya ce ya kasa da yaransa, yana roƙon Kaka ya yafe masa. Kaka ya ce ba komai, zamani ne. Ba su yi musu ko ɗaya ba, kuma abin ya fi faɗan ba ni tsoro. Malam bai sake haurowa ba, bayan damina muka ji rasuwarsa.

Tafkin ya janye ya janye har ya koma bai fi tsakar gida ba, kewaye da busasshiyar laka mai tsattsagewa. Amma bai ƙafe ba. In makaranta tana hutu nakan riga ruwan zuwa fadama in jira shi. Da farko ba ka jin komai, sai ka ga bakinsa ya ɓullo tsakanin duwatsu yana rarrafe a hankali, yana turo busassun ganye a gabansa, ƙasa tana shan rabinsa tun bai isa ba. Tsuntsaye kuwa tun kafin ya iso sun jeru a bakin laka, har na fara zaton sun san ranakun mako. Duk abin da ya rage a dajin nan mai numfashi a ɗan wurin yake taruwa, wanda yake cin wani da wanda ake ci. In na koma na gaya wa Kaka abin da na gani, sai ya yi ta tambaya, gaurakin suna nan, 'yar gadar dajin nan ta zo shan ruwa? Shi bai taɓa ganin isowar ruwan ba, domin ba ya iya barin inda yake tsaye.

Lambunmu kuwa ya mutu murus. Mun yi ƙoƙarin jido ruwa da bokiti daga wata rijiya, amma tsoho da yarinya nawa za su ɗauko? A rani na biyu tuwo muke ci da miyar kuka tsura, wani lokaci kunu kawai. Na rame, takalmina ya tsinke, na riƙa zuwa makaranta da ƙafa. Labari ya kai wa mahaifina a Bukuru, ya zo ransa a ɓace. Sun yi magana mai tsawo a ɗakin Kaka, mahaifina yana ta ɗaga murya, yana cewa an mai da gidanmu abin dariya a jiha biyu. Da ya ga tsohon ba zai lanƙwasu ba sai ya ce, "Baba, in ka zaɓi yunwa saboda birai, ban isa in hana ka ba. Amma yarinyar nan tawa ce."

Kaka ya ce, "Taka ce."

Motar da take kwasar kabeji zuwa Jos ranar Laraba take zuwa ƙauyenmu. Kaka ya roƙi a bari sai wani makon, ko a nemi wata motar ranar Alhamis, mahaifina ya ce aiki yana jiransa. Da safe Kaka ya ɗaure mini kayana a tsohon zanen kakata, ya cusa soyayyiyar gyaɗa a ciki. Ya ce ashe dai yaji zan yi masa, bayan duk haƙurin da ya yi da ɗanyen tuwona. Ranar ban rama tsokanarsa ba. Na riƙe kwat ɗinsa na ce ya raka ni bakin hanya kawai, ba nisa. Ya dubi rana, ya dubi wajen dam, ya ce in ya bar ruwan yau ko ɗigo ba zai isa ba. Ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa a hankali, ya saɓi fartanya ya fita ta ƙofar baya. Ina zaune a kan buhunan kabeji a bayan mota na hango shi can ƙasa, ɗan mitsitsi, tsaye cikin magudana. Bai ɗago ba. Na yi kuka har Tina Junction a bakin garin Jos, kuma na yi shekaru ina jin cewa an auna ni da kwaɗi, kwaɗi sun fi nauyi.

Na girma a Bukuru, na koyi ɗinki, na yi aure, muka koma Laranto na buɗe shago. Ina zuwa ƙauye lokacin Kirsimeti ko in an yi rasuwa, in kai masa sabulu da sukari, ya ce uwargida ta zo biko da kanta. Ba mu taɓa tayar da maganar ranar da na tafi ba. Ya koma noman damina kawai, da 'yan awakinsa, da abin da muke aika masa. Mutanen gari sun gaji da fushi sun koma ɗaukarsa kamar wani tsohon dutse da aka saba gani a hanya. Mahaifina ya riga shi tafiya. Kaka ya tsaya a bakin kabarin ɗansa, kuma Larabar da ta biyo yana cikin ruwa.

Da jikinsa ya ƙi gaba ɗaya, wani rani, na ɗauko shi na kawo shi asibiti a Jos. Ni kaɗai ce a kansa. Maigidana yana wurin aiki, yarana ƙanana ne, sauran dangi kuma kowa da uzurinsa. Ya kwana biyu ba ya gane mutane sosai. Wata safiya ya buɗe ido tar, ya dube ni, ya tambaye ni yau wace rana. Na ce masa Laraba. Yana numfashi da ƙyar ya ce in tashi in je in sakar wa tafkin ruwa. Na ce likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai, kuma mako ɗaya ba zai kashe tafki ba. Ya ce a wannan zafin zai kashe. Na ce to bari in nemi wanda zan aika, ya ce wa? Na rasa sunan da zan kira.

"Uwargida, ni ina da likita. Su ba su da kowa."

Na gyara masa bargo na fita. Na hau ƙaramar bas a Tina Junction, na sauka na hau acaɓa, na isa rana ta riga ta ɗaga. Wani yaro ya riga ya juya ruwan cikin albasarsa, ganin mai shi ba ya nan. Na ɗauki fartanyar Kaka a inda yake jingine ta, na tattare zane, na shiga. Sanyin ruwan ya soke ni har ƙashi. Na toshe, na buɗe, na tsaya. Sai a ranar na san abin da ake gani daga wurin nan, wato babu komai. Ba ka hango fadama, ba ka jin kukan tsuntsu, sai ruwa yana wucewa ta tsakanin ƙafafunka yana tafiya inda ba za ka bi shi ba, masu lambu kuma suna satar kallonka daga nesa. Amma hanyar mota ana ganinta sarai, tun daga bakin gari har inda ta sha kwana bayan dutse. Duk motar da ta fita, mai tsayuwa a nan yana kallonta har ta ɓace.

Na tsaya har lokacinsa ya cika. Da na koma asibiti da la'asar na tarar an canza zanen gadon, wani mutum daban yana kwance a kai. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe. Ta ce ya cika, bai wahala ba, bai kuma kira kowa ba.

Yanzu ƙauyen ya canza har ba ka gane shi. Inji a kowane lambu, rijiyoyin burtsatse, gidajen bulo inda ƙerana take a da. Jihohin biyu suna sabunta rabonsu lokaci zuwa lokaci, ana zuwa da motoci a yi taro a watse, kuma safiyar Laraba tana nan a hannun gidanmu. Dangi sun sha zuwa wai in bayar da ita haya ga masu lambu, na ce a'a har sun daina gaishe ni da fara'a. Duk rani ina rufe shago ranar Laraba, masu kawo ɗinki sun sani. Gaurakin sun daɗe da daina zuwa, karen ruwa kuwa tun ina yarinya rabona da shi. Amma in na gama na gangara nakan tarar da zalɓe, da kififiya, da sawun birai a laka, da wasu ƙananan tsuntsaye da ban san sunansu ba. Wani lokaci ɗalibai sukan zo da madubin hangen nesa, su yi ta murna, su ce mini sannu da ƙoƙari Mama, su hau motarsu.

Gwiwoyina sun fara ƙin sanyin ruwan. Yarana sun girma, ɗaya tana Abuja, ɗaya yana Legas, kuma in mun yi waya cewa suke yi in huta haka nan, wahalar ta isa. Ba na jin haushinsu, ba su taɓa kwanciya a kan dutsen nan sun jira ruwa ba. Sai dai nakan tuna cewa wata Laraba tana zuwa da za ta same ni a kwance, in buɗe ido in tambayi wace rana ce. Kaka, duk kaɗaicinsa, ya sami wadda zai aika. Ni har yanzu ina dubawa, ban ga kowa ba.